Sakan Bakwai A Kan Ƙanƙara

Shafi na 23

"Ka gani ko? Da ka yi na farkon tsakani da Allah, da ranar Asabar a benci za ka zauna kana kallon Aapo."

Muryar Tato ce, babanmu. Ranar Laraba da yamma ne, na kai musu kofi rumfar da ake ajiye motar girbi, ban kai ga shiga ba na ji. Yayana Maks 'yar dariya kawai ya yi wadda ba ta kai ciki ba. Suna ganina Tato ya koma maganar bel ɗin injin.

Ni ba mai tambaya ba ce. Shi ya sa tun muna yara Maks yake ce min Ɓera, wai ina lungu, ina ganin komai, ba na cewa komai. Na ajiye musu kofin na fito. Amma maganar ta biyo ni. Na farkon me?

Ku da kuke ta turo min saƙo wai in daina kare Aapo, wai shi zai ci amanar gidanmu, ku karanta wannan shafin tukuna.

Kun dai san a watan Yuni babbar ƙungiyar hoki ta birni, wato wasan ƙwallon sanda a kan ƙanƙara, ta ɗauki yara biyu daga ƙaramar ƙungiyar garinmu, Zoria. Maks shi ne na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙasa gaba ɗaya, Aapo na goma sha biyu. Aapo ɗan Finland ne, shekararsa uku a ɗakin ƙasa na gidanmu, tunda 'yan wasan da suka zo daga nesa raba su ake yi gidajen mutanen gari. Gurbi ɗaya ne ya rage a babbar ƙungiyar bana. Wanda bai samu ba zai dawo cikin yara ya ƙara shekara. Wasan gwaji na ƙarshe kuma a filinmu za a yi shi ranar Asabar, ƙarfe biyu na rana, don a faranta wa garin da ya ba su mutum biyu.

Ranar Talata ce ta ɓata komai.

A talabijin muka kalla. Maks ya bi ƙwallo lungu, kansa a sunkuye, wani ƙato ya zo ta bayansa ya haɗa shi da gilashin da ya kewaye filin. Ya faɗi. Hannunsa na dama ya miƙe sama ya sandare kamar mai kiran mota. Na ƙirga. Sakan bakwai bai motsa ba. Aka kai shi ciki, bayan minti ashirin sai ga shi ya dawo, mai sharhi yana cewa an gwada shi a kwamfuta, kansa lafiya lau. Tato ya daki teburi don murna. Mama ta tashi ta shiga kicin.

Aka ba su hutun kwana biyu suka dawo gida. Tun daga nan nake kallonsa.

Ranar Juma'a ina kantin filin ƙanƙara inda nake sayar da kofi da soyayyen dankali. Tsofaffin gari suna teburinsu na kullum kusa da hita, musun da suke yi tun Yuni shi suke yi.

Ɗayansu, Orest, ya ce yaron Demchuk, wato Maks ɗinmu, jiki gare shi kamar bijimi, lungu ba ya ba shi tsoro, kuma in ya daki ƙwallo mai tsaron gida sai dai ya yi addu'a. Vern ya ce ai shi ke nan abin da yake da shi, abin da Maks zai zama a shekara ashirin da biyar ya riga ya zama yau, shi kuwa ɗan Finland ɗin nan ko farawa bai yi ba, ido gare shi a ƙeya, kafin ka san kana fili ya aiko maka da ƙwallo.

"Kai da ko tsayuwa a kan ƙanƙara ba ka iya ba, me ka sani?" in ji Orest.

"Kai da ka iya, ina haƙoranka? A can ka baro su, ko ƙwallo ɗaya ba ka ci da su ba."

Aka kwashe da dariya. Orest ya gyara haƙoran robarsa da harshe ya ce su bar maganar lamba biyar da lamba sha biyu, ranar Talata ta raba gardama. An kwantar da yaro, ya tashi, ya dawo ya ƙarasa wasa. Irin wannan koci yake so. A zamaninsu ma in an buge ka har ƙararrawa ta kaɗa maka a ka, wani abu ake shaƙa maka a hanci a ce koma.

Sai ya juyo wajena.

"Oksana, ke da kike dafa musu su biyun, wa za a ɗauka?"

Na ce masa in ƙara masa madara ne? Vern ya ce a ƙyale yarinya, ta fi su hankali.

Hankalina ya tafi, sai da na zubar da kofi a kan kanta. Don ni na ga abin da ba su gani ba. Na ga Maks da baƙin gilashi a cikin falo. Na ga ya tsaya a gaban firij a buɗe har injin ya fara kuka, bai ɗauki komai ba. Ranar Alhamis Mama ta yi firogi, dafaffen naɗin ƙullun fulawa, da albasa, abin da yake cin ashirin a zama ɗaya, ya ci uku ya ce ya ƙoshi.

Wajen ƙarfe uku aka tashi daga atisaye. Ina bayan kanti ina juye man suya a jarka sai ga Aapo, gashinsa a jiƙe, jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya kamar mai neman wani abu a kan katakon jera kaya. Aapo ma ba mai magana ba ne. Mama takan ce in aka bar mu mu biyu a ɗaki, agogo ne kawai zai yi hira.

Ni na fara. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba.

"Mene ne na farko?"

Ya dube ni.

"Na ji Tato yana ce wa Maks da ya yi na farkon tsakani da Allah da yanzu yana benci."

Ya ajiye jakar a hankali, ya tura ƙofar da ƙafa.

Ya ce a watan Yuli, kafin a fara komai, kowane sabon ɗan wasa sai an zaunar da shi a gaban kwamfuta. A nuna maka kalmomi a ɓoye a ce ka tuno, a nuna maka launi a ce ka danna da sauri. Ba ci ko faɗuwa ake nema ba. So suke su san yadda kanka yake aiki lokacin da kake lafiya, su ajiye. Ranar da aka buge ka a ka, sai a sake maka, a gwada da na farkon. In ka yi ƙasa, ba ka ba wasa sai ka warke.

"To?"

"To in ka yi na farkon kamar wawa, ranar da ka zama wawan gaske ba wanda zai gane."

Jarkar ta kusa suɓuce min.

Ya ce kujerarsa tana kusa da ta Maks ranar. Yana kallon Maks yana ƙirga biyu a ransa kafin ya danna. Kalmar da ya sani sarai sai ya tsallake ta. Da suka fito Maks har yana dariya, wai dabarar tsofaffin 'yan wasa ce, Tato ya koya masa, wai inshora ce.

"Kai ma ka yi?"

"A'a. Ya ce min ni ragon Turai ne."

Na tambaye shi daren Talata a otal, tunda ɗakinsu ɗaya. Ya ce Maks ya yi amai sau biyu. Ya ce sau uku yana tambayarsa wa ya ci wasan. Na ukun ma da murmushi ya tambaya, kamar yanzu abin ya faɗo masa.

"Oksana, a garinmu akwai wani yaro. Mun yi wasa tare muna 'yan sha biyar. An buge shi ranar Lahadi, ya ɓoye. Ranar Asabar aka sake taɓa shi. Taɓawa ce kawai, ko faɗuwa bai yi ba. Da ƙafarsa ya zo benci ya zauna."

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Kwana uku ke nan."

"In na faɗa wa zai samu gurbin?"

Na rufe bakin jarkar.

"Ni ne. Kin ga tsofaffin can? Gobe da safe za su ce ɗan Finland ya ci abincin Demchuk shekara uku, ya kai ƙarar ɗansu don ya hau kujerarsa. Kuma likitoci za su duba kwamfuta su ce ai ya ci gwaji. Maks zai ce ƙarya nake. Wa za a yarda da shi?"

Idonsa ya yi ja. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da kakarsa ta rasu yana nan gidanmu.

Ya ce ya roƙi Maks jiya a mota, Maks ya ce masa in yana son gurbin ya zo ya karɓa a kan ƙanƙara kamar namiji. Ya ce har ya yi tunanin ya ce shi ƙafarsa ce ke ciwo, ya janye, ko Maks zai ga ba shi da abokin takara ya huta. Amma ya san ko ya janye Maks sai ya buga, garin nan kaf ya sayi tikiti saboda shi.

Ya ciro biro daga aljihuna na gaba, ya ɗauki takardar naɗe dankali ya rubuta lamba. Ya ce ta Lorraine ce, matar da ke kula da lafiyar 'yan wasan ƙungiyar. Ita ba ta wasa da maganar kai. In wani na gida ya kira ta ya ce ga abin da ake gani, ko kwamfuta ta ce me, ba za ta bar shi ya sa takalmi ba.

"Na gida," ya sake cewa. "Ni ba na gida ba ne."

"Kai na gida ne."

"Gobe za ki gani."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Na ninke takardar na cusa a cikin safata, kamar na saci wani abu.

Da na rufe kanti Maks yana jirana a waje, ya jingina da motarsa, hula ta rufe masa rabin fuska. Ina zuwa ya wurgo min mukulli.

Motar nan ko Tato ba ya taɓa ta. Ni ko rediyonta ban isa in murɗa ba.

"Ja mu, Ɓera. Yau ranarki ce. In kika goga min ita na sayar da ke."

Na ja. Rana ta yi ƙasa, tana dukan gilashi ta kan gonakin alkama. Ya sauke abin tare rana, ya juya fuska gefe. Ya tambaye ni ko na kulle kantin, na ce eh. Ya fara ba ni labarin gidan da zai kama a birni, wai zai ware min ɗaki, amma da sharaɗin in dinga magana ko sau biyu a rana don maƙwabta kada su zaci aljana ya ajiye.

Na yi dariyar dole. Muka wuce rumbunan hatsi.

"Kin kulle kantin kuwa?"

"Na kulle."

"Yauwa. Don na san ki."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ina jin takardar tana sukata a idon sawu. Na ce masa a hankali, Maks, kanka yana ciwo ne?

Bai juyo ba.

"Aapo ne ko?"

"Ba wanda ya gaya min. Ido gare ni."

"To ki rufe shi zuwa jibi."

Ya ce kwana ɗaya ne kawai. Ya buga gobe, a sa sunansa, daga nan ko wata guda suka ce ya kwanta zai kwanta. Ya ce in tuna shekara goma sha huɗu Tato yana tashi ƙarfe biyar ya fasa ƙanƙarar bakin ƙofa ya kai shi atisaye. In tuna filin da yake malala wa ruwa a bayan gida duk hunturu don ya daskare Maks ya yi atisaye, har yatsunsa biyu suka daina ji. In tuna Tato ma an taɓa kiransa gwaji yana ɗan sha tara, ya ce musu gwiwarsa na ciwo, suka ce ya je ya warke, ba su sake kiransa ba har yau.

"Shi ya faɗi gaskiya. Kin ga inda ta kai shi."

"Ta kai shi gida. Da ransa."

Sai a lokacin ya juyo. Ya cire baƙin gilashin idonsa. Ƙwayar idonsa tana rawa kaɗan, kamar tana neman inda nake.

"Oksana." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "In kika buɗe baki, ba ni ba ke. Ba wasa nake ba. Ko a titi kika gan ni ki wuce."

Hawaye ya hana ni ganin hanya sosai, na rage gudu. Muka juya kan titin tsakuwa na gidanmu, mota tana girgiza, na ga ya dafe ƙeya ya runtse ido. Can muka hango rufin rumfa.

Ina tsayar da motar ya taɓa kafaɗata, muryarsa sumul, kamar ba mu yi komai ba.

"Af, Ɓera, kin kulle kantin?"

Ban san yadda na fita daga motar ba.

Shi ya sauka ɗakinsa wai zai ɗan kishingiɗa. Tato yana gona, ana jin motar girbi daga nesa, ba zai shigo ba sai ya ga duhu. Ni na tsaya a baranda na ciro takardar. Maiƙo ya ɗan taɓa lambar ƙarshe amma tana karantuwa. Na danna lambobin a wayata har guda shida, na goge. Na sake, na goge.

Sai na ce a raina, ni wace ce? Ga Mama. Mama shekararta ashirin tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta san kai, ta san faɗuwa, ita ce in tsoho ya zame a banɗaki take hana shi barci har likita ya zo. In Mama ta kira, Maks ba zai iya cewa ba shi ba ita ba. Tato ma in ta kafe ba ya iya mata. Abin da ya rage kawai in gaya mata. Har na ji numfashina ya dawo.

Na tura ƙofar kicin.

Da farko ban gane abin da ya canza ba. Ga Mama a gaban teburi tana murza ƙullun firogi na walimar gobe, ga tukunyar miyar borsh a kan wuta. Sai na lura ba na ganin fuskarta sosai. An ja labule duka biyun, alhali rana ba ta faɗi ba. Fitilar saman teburi mai ƙwai uku, ɗaya ne kawai a ciki, biyun suna cikin kwanon 'ya'yan itace. Rediyon da ke kan firij, wanda tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a kashe ba, an zare wayarsa an naɗe.

"Rufe ƙofar a hankali," ta ce, ba ta ɗago ba. "Yayanki yana hutawa."

Jakar wasan Maks tana kan kujera a buɗe, ta wanke masa kaya ta jera. Ta goge hannunta a atamfar gabanta, ta buɗe durowar cokula, ta ciro wata 'yar kwalbar magani. Na san ta. Irin wanda ake ba tsofaffinta ne in jiri da tashin zuciya sun dame su. Ta zazzage guda huɗu a tafin hannunta, ta naɗe a tishu, ta tura can cikin safar Maks, ta ninke safar, ta sa a ƙasan jakar.

Sai ta juyo ta gan ni ina kallo.

Muka tsaya. Borsh yana tafasa yana taɓa murfi. Ta ce in wanke hannu in zo in taya ta naɗi, guda ɗari biyu za mu yi, mutanen coci ma za su zo. Muryarta daidai take, amma ta ɗauki cokali ta ajiye, ta sake ɗauka.

Takardar tana cikin tafin hannuna, ta jiƙe da gumi. Tun ranar Talata da ta tashi daga gaban talabijin ta shige nan, akwai abin da nake kewayewa, ina kallon Tato, ina kallon Aapo, ina kallon kowa don kada in kalle ta.

Daga ƙasa muka ji ƙofar banɗaki ta bugu, sai ƙarar famfo da aka buɗe har ƙarshe don ya rufe sautin amai. Bai rufe ba.

Mama ta runtse ido.

Na ajiye takardar a kan garin fulawa, a tsakaninmu, lambar tana sama.

"Mama," na ce, "tun yaushe kika sani?"